Gadin da Baba Bai Sauka Ba

Ranar da muka binne Baba, duk wanda ya shigo zauren gidanmu a Keffi sai ya fara kallon bencin da ke bakin ƙofa kafin ya kalle mu. Tabarmi sun cika har waje, amma ba wanda ya yarda ya zauna a kan bencin nan. Kawu, ƙanin Inna, ya zo ya dafa shi ya ce, "Yau dai Kofur ya kwanta." Gwaggo kuwa, ƙanwar Baba, wadda ba ta iya bakinta ko a gidan mutuwa, daga cikin gida muka jiyo ta tana cewa ita ba za ta yarda ba sai an kwana uku bai fito ya tambayi wanda ya bar ƙofa a buɗe ba. Mata suka yi dariya, dariyar ta juye kuka.

Bayan la'asar wani mutum ya shigo sanye da kayan gadi, wanda babu ɗayanmu da ya san shi. Ya durƙusa gaban Yaya, babban wanmu, ya ce shi maigadi ne a wani gidan mai da ke kan titin Abuja. "Shekara shida ke nan," in ji shi, "kullum da azahar tsohon nan sai ya zo ya ce, 'Je ka yi salla ka ci abinci, na karɓe ka.' Ya tsaya a ƙofa da sandarsa har in dawo. Ko ruwa bai taɓa yarda na saya masa ba." Muka kalli juna. Mu dai mun san Baba yana fita da azahar, muna zaton yawon da ya saba ne.

Ni ne auta, kuma ni kaɗai na kasa zama ranar. In shiga gida, in fito, in leƙa titi, in dawo. Masu gaisuwa suna cewa, "Wannan ya gaji ubansa." Ba gado ba ne. Baba ya ba ni saƙo ɗaya tak kafin ya rasu, saƙon da ya kamata in isar kafin a rufe shi, kuma ban isar ba. Ba wanda ya sani sai ni, kuma abin yana cina.

Kafin in faɗi saƙon, sai na faɗi wane ne Baba, don ba na so jikokinsa su tashi su san shi a matsayin tsohon da ke yi musu faɗa a kan latti kawai.

Bai kai shekara ashirin ba ya bar gonar mahaifinsa a Jigwada ya shiga soja, lokacin yaƙin basasa. Bai yi shawara da kowa ba. Gwaggo ta ce fartanyarsa aka tarar a tsakiyar kunya, da hularsa rataye a jikin bishiya. Ya dawo da igiyar kofur, da kunne ɗaya da ba ya ji sosai, kuma sunan Kofur ya bi shi har kabari. A cikin duk abin da ya gani a can, labari ɗaya kawai yake bayarwa. In ka tambaye shi ko ya taɓa harbin mutum, sai ya ce ka tashi ka ba awaki ruwa.

Labarin na wata ƙaramar gada ce a kan rafi, can kudu, da damina. Da safe sajensu ya kai shi bakin gadar ya ce ya tsaya gadi, kada ya gusa ko taku ɗaya sai an turo wanda zai karɓe shi da rana tsaka. Kafin rana ta raba, harbe-harbe suka ɓarke a bayansa. Rundunarsu ta tashi ta canja wuri, aka manta da shi. Ya tsaya. Ruwa ya yi masa duka, ya bushe, ya sake jiƙewa. Da yunwa ta ishe shi ya tumɓuke rogo a wata gona da ke gefen gadar ya ci ɗanye, idonsa a kan hanya. Sai a rana ta uku wasu sojojin daban suka biyo suka gan shi. Hafsansu ya yi dariya ya ce ya hau mota.

"To ai an ɗauke ka, Baba," mukan ce masa muna yara.

"An ɗauke ni," sai ya ce. "Amma ba a karɓe ni ba. Ba wanda ya tsaya a wurina ya ce in sauka."

Muna ɗaukar wannan wasa ne. Sai da na girma na lura cewa mutumin nan bai taɓa zama irin zaman mutane ba. A bakin benci yake ɗosana jiki, takalmi a ƙafa, fuska a ƙofa. Tuwo ma rabinsa a tsaye yake ci. Inna ta ce tun da aka kawo ta gidan ba ta taɓa ganinsa kwance da rana ba, ko da zazzaɓi. Takan ce masa, "Malam, yaƙin nan fa an gama tun ba a haifi 'ya'yanka ba." Ya ce, "Ke aka faɗa wa. Ni ba a faɗa mini ba."

Mu kuma mun sha wuyarsa, ba zan ɓoye ba. In ya sa ka tsaron shanyar gyaɗa kada kaji su ci, to ko ruwa ya sauko ba ka da ikon barin wurin. Ka kuskura ka gusa, za ka ji murya daga zaure: "Wa ya sallame ka?" Wannan tambaya ta bi mu har muka yi gemu. Yaya ya taɓa barin wani aiki da bai ji daɗinsa ba, ya zo yana bayani mai tsawo, Baba ya saurara har ƙarshe, sannan ya yi masa wannan tambayar. Na daɗe ina jin haushin Baba a kan wannan hali. Ina ganin mutum ne da ya ƙi barin kansa ya huta, ya kuma hana mu.

Wanda aka tura ya karɓe shi a gadar nan, wanda bai iso ba, mun san shi sarai. Shi ne muke kira Baban Garaku, da sunan garinsu. Manomi ne, Kirista, doguwar sanda gare shi da tabo a cinya. Sun sake haɗuwa a bariki bayan yaƙi, suka gane ashe 'yan yanki ɗaya ne, tsakanin garuruwansu tafiyar ɗan lokaci ce a mota. Ya ce wa Baba yana kan hanyar zuwa ne ƙarfen bam ya same shi, shi ya sa bai iso ba. Baba ya ce to. Tare suka dawo gida da aka sallame su, Baba ne ma ya ɗauko masa akwati.

Duk shekara in sabuwar doya ta fito, Baban Garaku zai zo da ita a buhu. In ya ce zai zo da hantsi, to sai la'asar. Baba na hango shi zai miƙe ya ce, "Ga Sarkin Latti nan! Mai canji ya iso!" Shi kuma ya ce, "Kofur, ka yi haƙuri, hanya ce ba kyau." Su yi ta dariya har da tari. In lokacin salla ya yi, Baban Garaku ne ke riƙe wa Baba benci, wai yana gadi. Ranar Kirsimeti kuwa mu ake turawa da zakara biyu. Shi kaɗai ne mutumin da na ga Baba ya jingina bayansa da bango a gabansa.

Shekara uku da suka wuce suka ɓata, kuma a gabana aka yi. Sunan ɗana ake yi. Baban Garaku ya zo da jikokinsa biyu, samari, ana ta cin abinci a zaure. Ɗaya daga cikin samarin ya ce wa Baba cikin alfahari, kakansu ya ba su labarin yadda ya ratso wuta zai je ya ceci abokinsa a gada, har aka ji masa rauni. Ban san abin da ya taɓa Baba ranar ba. Ko tsufa ne, ko kalmar ceto ce ta sosa masa rai. Ya ajiye cokali ya ce, "Bai ratso komai ba. Tsoro ya ji."

Baban Garaku ya wanke hannu, ya ɗauki sandarsa, ya ce wa jikokin su tashi. Daga ranar doya ba ta sake zuwa ba. Inna ta yi wa Baba faɗan da ban taɓa jin ta yi masa ba. Ta ce, "Shekara hamsin kana riƙe da bakinka, sai yau a gaban jikokin mutum?" Baba ya ce gaskiya ya faɗa. Ta ce gaskiyar ta dafa masa doya. Ya san ya yi kuskure, mun ga alama, don duk motar Garaku da ta tsaya a bakin layinmu sai ya miƙe. Amma ya je ya ba da haƙuri, wannan kam ya fi ƙarfin Kofur.

Da ciwo ya kwantar da shi bana, farkon damina, wata ranar Asabar ina gyara masa matashi ya riƙe mini hannu. Ya ce, "Auta."

Na ce, "Na'am, Baba."

"In ta Allah ta kasance, ka aika Garaku. Kada a rufe ni bai zo ba. Ka ce masa har yanzu ina tsaye."

Na ce, "Haba Baba, za ka tashi, da kanka za ka je."

"Ban tambaye ka wannan ba. Ka ji ko ba ka ji ba?"

Na ce na ji. Da ina da hankali, da washegari na hau mota na ɗauko tsohon tun Baba yana da rai. Amma na ce sai wani ƙarshen mako. Aiki nake yi a Abuja, kullum in fita da asuba in dawo a gajiye, ƙarshen makon kuma bai taɓa zuwa da sarari ba.

Ranar Talata da hantsi Yaya ya kira ni ina ofis. Na fito a guje, na faɗa cikin cunkoson motocin Mararaba, awa biyu ina zaune cikin mota ina dukan sitiyari. Kafin in iso Keffi an yi komai yadda muka saba. An sanar a masallacin unguwa, an aika wa dangi ta waya, an yi wanka, an haƙa kabari, liman ya ce bayan azahar. Haka muke yi, kuma daidai ne, ba a ajiye mamaci. Sai dai duk hanyoyin da labarin mutuwa ke bi a wurinmu, babu wadda ta bi ta ƙofar Baban Garaku. Ba ya masallacinmu, ba ya cikin dangi, lambarsa ba ta cikin wayar kowa. Ni kaɗai ne hanyar, ni kuma kaina ya ɗauki zafi.

Sai da na shiga kabarin ni da Yaya, muka kwantar da shi, muka juya fuskarsa gabas, na ɗaga kai na ga fuskokin da suka kewaye mu, sannan na tuna. Na nemi farin kai da doguwar sanda, babu. An riga an fara miƙo itace. Da na buɗe baki na ce a dakata, da an ce baƙin ciki ya taɓa mini ƙwaƙwalwa, kuma da ba a dakata ba. Wannan hujjar nake ba kaina. Gaskiyar ita ce kunya na ji, na yi shiru, na karɓi itacen na jera.

Kwana biyu ban ci abin kirki ba. Washegarin binnewa da yamma na shiga ɗakin Inna, tana zaune a kan tabarmar takaba da carbi. Kafin in yi magana ta ce, "Mutumin Garaku fushin nasa har ya kai haka? Ko gaisuwa?"

Na ce, "Inna, bai sani ba." Na faɗa mata komai.

Ba ta zage ni ba, na fi so da ta zage ni. Ta ce, "Gobe ana gama addu'ar uku ka kama hanya. Kada ka nemi lambar waya. Ba maganar waya ba ce."

Na same shi a gindin mangwaro a ƙofar gidansa, yana gyaran ƙotar fartanya. Ya tsufa ƙwarai a shekara ukun nan. Ya ɗago ya gan ni ni kaɗai, da jajayen idanu, sai ya ajiye fartanyar a hankali.

"Yaushe?" ya ce.

"Shekaranjiya, Baba."

"An rufe shi."

"An rufe shi."

Na durƙusa na faɗa masa saƙon kalma da kalma, na kuma faɗa masa cewa laifina ne, ni aka ba, ni na yi sakaci. Da na zo wurin "har yanzu ina tsaye", sai ya rufe fuska da hularsa. Kafaɗunsa suka yi ta rawa. Matarsa ta leƙo, ya ɗaga mata hannu ta koma.

"Ɗana," ya ce, "babanka bai yi mini ƙarya ba. Na je. Na kai har inda nake hango gadar, ina ganinsa tsaye da bindiga, ruwa na zuba a kansa. Sai harbi ya tashi ta gefen hagu. Ƙafafuna suka ƙi. Na juya. Raunin nan sai bayan kwana biyu na same shi, a wani wuri daban." Ya share ido. "Ya gan ni. Mun haɗa ido kafin in juya. Ya sani tun ranar, kuma ya ɗauko mini akwati har gida. Shekara hamsin yana cin doyata bai faɗa wa kowa ba. Ni kuma rana ɗaya ya faɗa, na yi fushin shekara uku."

Na ce, "Baba, ka yafe masa."

"Kai, rufe mini baki. Kawo mini takalmina a ɗaki." Ya kalle ni, har ya ɗan yi murmushi. "Ashe mu biyu ne sarakan latti."

Ya shiga ya sa wata tsohuwar riga mai ruwan ƙasa, wadda ta yi masa yawa yanzu. Muka hau mota muka nufo Keffi. Na ce mu fara zuwa gida ya gaisa da Inna ya sha ruwa, ya ce a'a, an jira shi ya isa.

Na kira Yaya ya same mu a maƙabarta. Ya ja ni gefe yana raɗa mini ko ya dace, mutane za su yi magana. Tsohon da ke kula da maƙabartar ya ji mu, ya dubi Baban Garaku sama da ƙasa, ya ce, "Ku bar bawan Allah ya ga ɗan'uwansa." Ya buɗe mana ƙofa.

An yi ruwa da safe, ƙasar kabarin ta yi jajir, ta ɗan zauna. Baban Garaku ya cire hula ya ba Yaya. Ya miƙo mini sandarsa. Na ce zai faɗi, ya harare ni. Ya taka shi kaɗai, yana jan ƙafar nan mai tabo, har ya kai wajen kan kabarin. Ya haɗa dugadugansa, ya miƙe iyakar yadda bayansa zai yarda, ya ƙame, ya sara.

"Kofur!" ya ce da ƙarfi, yadda ake yi wa mai kunne ɗaya magana. "Ni ne. Na zo. Na yi latti, ba hanya ba ce, tsoro na ji. Na karɓe ka. Sauka ka huta."

Yaya, wanda bai zubar da hawaye ba ko ranar binnewa, ya juya mana baya. Ni kuwa na ji wani abu ya sauka daga ƙirjina, ban san ko na Baba ne ko nawa ba. Muka yi masa addu'a mu biyu, tsohon yana ƙame. Allah ya jiƙan Baba, ya yafe masa zafin bakinsa na rana ɗaya saboda shirunsa na shekara hamsin, ya ba shi kwanciyar da bai samu a duniya ba.

Muka shafa, muka juya za mu tafi. Baban Garaku bai motsa ba. Rana ta fito da zafi bayan ruwan, gumi yana bin wuyansa, ƙafar tana karkarwa.

Na ce, "Baba, mu je gida haka nan. Inna tana jira."

Bai juyo ba. Ya ce, "Wa ya sallame ni?"

Sannan na ba Yaya makullin mota, na taka na je gefensa, na haɗa ƙafafuna yadda na ga ya yi.

"Na karɓe ka, Baba. Sauka."

Ya sauke hannu. Ya karɓi sandarsa, ya dafa kafaɗata sau ɗaya, Yaya ya riƙe shi suka nufi ƙofa a hankali. Ina jin ƙarar sandar tana nisa har ta ɓace.

Ni na tsaya a wurin har aka kira azahar.